Wuta Ba Ta Cinye Gaskiya

Akwai masu cewa littattafai irin su 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, tatsuniyar Turawa ce kawai. A cikinsa hukuma tana sake rubuta tarihi, tana rage kalmomin harshe domin kada mutum ya sami abin da zai yi tunani da shi. Haka kuma Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, na 1953, inda aikin 'yan kwana-kwana shi ne ƙone littattafai. Mai wannan magana bai san Wagadugu ba.

Mutanen Kuluba, maƙwabtan zangon Hausawa, sun zauna a gindin fadar shugaban ƙasa, sun kuwa ga abin da idonsu. A 1988 Norbert Zongo ya fitar da Le Parachutage, labarin wani azzalumin shugaba mai suna Gouama, wanda ya mai da ƙasa gonarsa. A 1993 ya kafa jaridar L'Indépendant. Da ya shiga binciken mutuwar David Ouédraogo, direban François Compaoré, ƙanen shugaban ƙasa, sai ran 13 ga Disamba 1998 aka tsinci gawarsa da ta mutum uku a cikin ƙonanniyar mota kusa da Sapouy. A littafin Bradbury takarda ake ƙonewa, a nan kuwa marubucin aka ƙone. A 2006 kotu ta rufe shari'ar ba tare da hukunta kowa ba.

Waɗansu za su ce baki shi ke yanka wuya, gara mutum ya yi shiru ya ci tuwonsa. Amma David Ouédraogo bai rubuta kome ba, duk da haka ya mutu a hannun dogaran fada. Da ba don mai alƙalami ba, wa zai ji sunansa? Shirun da ake yabo bai ceci talaka ba, ya dai rufa asirin mai kisa.

Waɗansu kuma za su ce ƙasa tana yaƙi, dole a kame baki. Da irin wannan hujja aka dakatar da RFI a 2022, aka dakatar da BBC da Muryar Amurka a 2024. Orwell ya riga ya nuna cewa yaƙin da ba ya ƙarewa shi ne abincin mai danniya.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba shi da uzuri. A Irmiya sura 36, Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin annabi ya jefa a wuta, sai Baruk ya sake rubuta shi har da ƙari. Haka nan a Oktoba 2014 jama'a suka kori Blaise Compaoré, daga baya kuwa jami'ar Koudougou ta ɗauki sunan Norbert Zongo. Ikkilisiyar da ke koya wa yara karatu, wajibi ne ta tsaya wa 'yancin abin da za su karanta.