Haƙƙin Tsohuwar Dabba a Kan Mai Ita

A gidajen sarauta da na attajirai a ƙasar Hausa, da wuya a sami dabbar da ake tattali kamar doki. Ranar hawan salla akan ƙawata shi da sirdi da jalala, maroƙa su haɗa shi da ubangidansa a kirari. Sai dai doki yakan yi shekara 25 zuwa 30 a duniya, kuma ba duk waɗannan shekaru yake yi yana sukuwa ba. Akwai ranar da bayansa zai lotsa, haƙoransa su cinye, wata cuta da ba ta jin magani ta kama shi. To, daga wannan rana ne ake gane ko dokin ake so, ko kuwa hawansa.

Abin da aka fi gani shi ne a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta. Wani yakan kai dabbar kasuwa ya karɓi ɗan abin da ya samu, mahauta su loda ta a mota ta yi kwanaki a tsaye. Wani kuma ya kwance ta ya kora bayan gari, yara su bi ta da jifa. Jaki ya fi kowa shan wannan wulaƙanci, musamman da cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin ya bunƙasa, har Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a 2024. Kyanwar da ta tsufa kuwa, a buhu ake sa ta a kai wata unguwa a saki.

Wannan ɗabi'a ba ta da madogara. Dabbar da aka ɗaure a turke shekara ashirin an riga an raba ta da dabarun neman abinci, don haka sakinta a lokacin da ta fi rauni kisa ne, sai dai kisan da ake yi a hankali ba a gaban idon mai yi ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, sananne ne ga kowane ɗalibi. Abin lura a cikinsa shi ne mallakar dabba ce take jawo nauyinta, kuma tsufa ko ciwo ba su sauke wannan nauyi.

Wasu na cewa jinyar dabba bidi'ar Turawa ce, kuma kuɗin da za a kashe mata gara a ba mabuƙaci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ba daidai ba ne magidanci ya bar iyalinsa da yunwa yana sayen allurar mage. Amma yawancin abin da dabba mai ciwon ajali take buƙata ba kuɗi ba ne, kula ce. Tsohon doki yakan tauna harawa ya kasa haɗiyewa, a ga dunƙulen ciyawa na faɗowa daga bakinsa. Abin da ya kamata shi ne a jiƙa masa dusa ta yi laushi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. A zuba masa yashi mai taushi a barga, a matso masa da ruwa, a kare shi daga ƙuda da rana. Dokin da aka haifa da duhun gashi ya riƙa yin fari yana girma, mafi yawan irinsa in sun haura shekara 15 sukan fitar da baƙaƙen ƙullutu a ƙarƙashin wutsiya. Wani nau'in ciwon daji ne. Wasu sukan daɗe da shi lafiya, wasu kuma ya fashe ko ya bazu cikin jiki, sai wanki da tsafta su zama aikin kullum. Ita kuwa tsohuwar kyanwa, ciwon ƙoda ne ya fi kayar da ita: ta yawaita shan ruwa da fitsari, ta rame, ta nemi lungu ta ɓuya.

A nan ne kuma ƙauna marar ilimi take yin ɓarna. Mutum ya ga kyanwarsa na fama, tausayi ya sa ya ɓantari Panadol ya ɗura mata, bai san maganin guba ne a jikinta ba, ko ƙwaya ɗaya na iya halaka ta. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, saboda haka likitan dabbobi ne ya kamata ya faɗi maganin da adadinsa. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, ga na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Wuri mafi wuya shi ne ƙarshen jinya. Sabo turken wawa ne, in ji Bahaushe, kuma sau da yawa mai dabba yakan riƙe ta a raye don ya kasa rabuwa da ita, ba don tana jin daɗin rayuwar ba. Idan doki ya kwanta ya kasa tashi, nauyin jikinsa yakan danne huhunsa da tsokarsa, fatarsa ta ɗaye, numfashi ya zama wahala. Idan ya daina ci da sha, magani kuma ya daina kwantar da zafin, ƙarin kwana ƙarin azaba ne kawai. Malaman Malikiyya ba su bar mas'alar a duhu ba. A Muhtasar na Halil da sharhohinsa an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki da alfadari, in an fid da tsammanin rayuwarta, domin a hutar da ita. An kuma yi umarni a hadisi da a wasa wuƙa a sauƙaƙa wa abin yanka. Likita na iya yin allurar da za ta sa dabbar barci zuciyarta ta tsaya. In aka bi wannan hanya, dole a binne gawar da zurfi, don maganin yakan kashe ungulu ko karen da ya ci naman. Mai dabbar da ya yanke wannan shawara bayan ya ji ta bakin likita bai ci amana ba. Wanda ya ci amana shi ne wanda ya juya baya don kada ya gani.

Malamin makaranta yana da hannu a wannan lamari fiye da yadda ake zato. Yaran da ke jifan gurgun jaki a bakin kasuwa ɗalibansa ne, haka ma yarinyar da za ta zo aji idanunta jajur saboda kyanwar da ta tashi da ita ta mutu da asuba. Na farko suna buƙatar a tsawata musu a kuma bayyana musu dalili. Ita kuwa, kada a ce mata ai mage ce kawai, abokan karatunta su yi mata dariya. Ya isa malami ya kira ta gefe, ya tambaye ta sunan kyanwar da shekarun da suka yi tare, ya bar ta ta ba da labarinta.