Majalisar 'Yan Makaranta da Masu Raina Ta

Akwai wata al'ada a manyan makarantun ƙasashe da yawa wadda waɗansu dattawa ke dariya in an ambace ta. 'Yan makaranta sukan taru a zaure guda, kowa da ɗan allo a gabansa, wannan an rubuta Masar, wancan Faransa, wancan Indiya, su kwana uku ko huɗu suna kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya. Masu raina abin suna cewa ɓata lokaci ne, wai yaron da bai iya sasanta ƙannensa biyu ba shi ne zai sasanta duniya. Wannan magana tana da daɗin ji a bakin kasuwa, amma duk wanda ya bincika zai ga ba ta da tushe.

Da farko dai abin ba na jiya ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920, an kafa wata majalisa ta ƙasashe don a hana sake yaƙi. Gwamnatin Amurka ta ƙi shiga, amma ɗaliban jami'o'inta suka riƙa taruwa suna kwaikwayon zamanta tun cikin shekarun 1920. Da waccan majalisa ta rushe, aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 da ƙasashe 51, sai ɗalibai suka koma kwaikwayon sabuwar. Jami'ar Harvard ta fara nata taron a 1953, birnin Hague na ƙasar Holan kuwa a 1968, kuma har yanzu dubban yara ke zuwa can kowace shekara. Abin da malamai suka riƙe wajen shekara ɗari ba su yar ba, ya kamata mai hankali ya tambayi dalili kafin ya yi dariya.

Ga yadda ake yi. Tun da sauran makonni akan ba kowane yaro ƙasar da zai wakilta, galibi kuwa ba tasa ba. Sai a ba shi matsalar da za a tattauna, ko ta 'yan gudun hijira, ko ta yunwa, ko ta rikicin iyaka. Tilas ya je ya karanta labarin ƙasar nan, ya san abin da take sayarwa, da wanda ke bin ta bashi, da maƙwabcin da take tsoro. Ran taro ba zai buɗe baki ba sai shugaban zama ya ba shi izini, kuma in lokacinsa ya cika sai ya zauna, ko da maganar ba ta ƙare ba. Sa'an nan ya bi sauran wakilai ɗaya bayan ɗaya yana lallashi, a rubuta ƙuduri, a soke wani layi, a ƙara wani, a jefa ƙuri'a.

To, a cikin wannan duka ina wasan yake? Yaron da aka tilasta wa ya kare ƙasar da zuciyarsa ba ta so ya koyi abin da manya da yawa suka mutu ba su koya ba, watau cewa abokin gardama ma yana da dalilinsa. Ba a ce ya yarda da dalilin ba. An ce ya san shi. Ko a kasuwar shanu, dillalin da bai san abin da ke ran mai saye ba ba ya kashe ciniki. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗansu masu suka sun fi waɗancan wayo. Su cewa suke yi Majalisar kanta ba ta da haƙori, tana kallo ana yaƙi ba ta iya hanawa, don me za a koya wa yara kwaikwayon kasawa? Akwai ƙamshin gaskiya a zargin da suke wa Majalisar, amma hujjar kansu take komawa. A babban zaure ƙasashe 193 ne, kowace da ƙuri'a ɗaya, babba da ƙarama. A Kwamitin Sulhu kuwa kujeru 15 ne, biyar na dindindin, watau Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Sin, sauran goma kuma akan zaɓe su na shekara biyu biyu. Ƙuduri yana bukatar ƙuri'a tara, amma in ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. Yaron da ya kwana biyu yana haɗa kan wakilai goma sha huɗu, sa'an nan ya ga hannu ɗaya ya rushe aikinsa, ya gane ciwon duniya fiye da wanda ya haddace shi a littafi.

Wannan ciwo kuwa ya shafi Afirka ƙwarai. Ƙasashenta 54 ne a Majalisar, babu ko ɗaya mai kujerar dindindin. A 2005 Tarayyar Afirka ta tsai da shawara a Ezulwini cewa a ba nahiyar kujeru biyu na dindindin, har yau ba a ba ta ba. Nijeriya ta shiga Majalisar ran 7 ga Oktoba 1960, ita ce ta 99, kuma sau biyu ɗanta ya shugabanci babban zaure: Joseph Garba a 1989, da Tijjani Muhammad-Bande a 2019. Waɗanda za su gaje su, su ci gaba da neman haƙƙin nahiyar, yanzu suna zaune a aji. In ba su koyi ƙa'idar zama da iya lallashi tun suna ƙanana ba, ran da aka tura su za su tarar da 'ya'yan wasu sun riga su da shekara ashirin.

Laifi guda da za a iya ɗora wa waɗannan tarurruka shi ne tsada. Kuɗin shiga da na jirgi da na masauki sun mai da manyansu na 'ya'yan masu hali, har waɗansu yara sun fi damuwa da kwat da lambar yabo bisa ga abin da aka taru dominsa. Amma maganin wannan yana hannun kowane hedimasta. Aji guda, da bencina, da takardun da aka rubuta sunayen ƙasashe, da malami ɗaya wanda ya san ƙa'ida, sun isa a kafa majalisa a kowace makaranta, da Hausa ma in an so.

Saboda haka uban da ɗansa ko 'yarsa ta zo ta ce an ba ta wakilcin Japan, kada ya yi tsaki. Ya ba ta fitila da lokacin karatu, in ta dawo kuma ya tambaye ta yadda ƙuri'a ta kaya.