Daga Ƙolin Kufena Ake Gane Ciwon Kubanni

"Me ka ajiye a can?" Tambayar da mai shayin layinmu a Samaru ya yi mini ke nan da ya ji zan hau Dutsen Kufena. Wani da ke gefen benci ya ƙara da cewa hawan dutse aikin Turawa ne da waɗanda ba su da abin yi. Ban ji haushinsu ba, domin haka yawancinmu muka ɗauki abin.

Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar asuba, ni da maƙwabcina malamin firamare muka bi ta Kwangila muka sauka Wusasa, muka ƙarasa gindin dutsen da ƙafa. Kufena ba Chappal Waddi na Taraba ba ne mai tsawon mita 2,419, amma yana karɓar haƙƙinsa a gwiwa. Akwai inda dutsen yake sumul, babu abin kamawa, sai ka haɗa da hannu kana haki. Duk wanda ya zo da silifas zai juya daga rabi.

Da hantsi muka kai ƙoli. An yi ruwa da dare, sama ta wanke, babu hazo. Ga birnin Zazzau can, ga rufin kwanon Sabon Gari da ya tashi a gefen layin dogon da ya iso a 1911. Ta arewa kuma ga benayen Jami'ar Ahmadu Bello, a gefensu madatsar ruwan Kubanni tana walƙiya.

Nan na tsaya na daɗe. Tun da nake wucewa ta bakin wannan dam ban taɓa ganinsa da ilahirin abin da ke kewaye da shi ba. Daga sama za ka gane cewa duk ƙasar da ke kewaye da shi tana gangarawa ne zuwa gare shi. Gonar da aka nome har bakin rafi, kwatamin da muke cikawa da leda a Samaru, zaizayar da ke cin gefen unguwanni, duk da damina can suke tafiya. Masana a jami'ar sun daɗe suna kukan yashi da laka na cike dam ɗin da ɗalibai da ma'aikata ke sha. Ka karanta wannan a takarda ka manta. Ka gan shi da idonka daga kan dutse, ya zauna maka. Rafin Kubanni kuma bai tsaya nan ba: ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya faɗa Galma, ɗauke da sharar kowa.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin makarantun Samaru da Sabon Gari su riƙa kai yara Kufena ko sau ɗaya a shekara. Muna sa su haddace sunan Bakwa Turunku da Sarauniya Amina a aji, alhali ga wurin da mutane suka zauna tun kafin birnin yanzu ya kafu, ga sauran tsohuwar ganuwa a kewayensa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Maƙwabcin nawa ya ce a ajinsa babu yaro ɗaya da ya taɓa zuwa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Na san iyaye za su kawo batun tsaro, kuma suna da gaskiya. A tafi a ƙungiya, da sassafe, a sanar da mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a guji ranar da dutse ya jiƙe sharkaf. Kowane yaro da gorar ruwansa da takalmi mai kama ƙasa. Ledar da aka hau da ita kuma a sauko da ita, don mun tsinci da yawa a saman dutsen, muka cika buhu guda kafin mu gangaro.