Makullin imel ɗin ɗanki yana hannun wa?

Duk lokacin rajistar JAMB sai ka ga iyaye mata a nan Narayi suna zarya a shagunan kwamfuta, imel ɗin da aka buɗe wa yaro ya ƙi buɗuwa. An manta kalmar sirri, waya ta ɓace, lambar da aka saka ranar buɗewa kuma ta mai shago ce. Ga saƙon makaranta da hotunan iyali duk a ciki.

Idan Gmail ne, kada ki yi gaggawar buɗe sabo. Shiga g.co/recover, in da hali da wayar da aka saba buɗe shi da ita, kuma a gida, domin Google yana lura da waya da wurin da ya saba gani. In ya nemi kalmar sirrin da kika tuna, rubuta ko da tsohuwa ce, ya fi ki tsallake tambayar. Daga nan zai tura lambobi zuwa layi ko imel na biyu da aka ajiye. In layinki ne ya ɓace, je ofishin kamfanin da lambar NIN ɗinki a dawo miki da shi tukuna. Lambobin nan kuwa, kada ki karanta wa kowa a waya, ko da ya ce daga Google yake kira.

Da zarar ya buɗe, sauya kalmar sirri, cire lambar mai shago ki saka taki, ki ƙara imel na biyu, na maigida ko na wata 'yar'uwa da kika yarda da ita. In kin kunna tantancewa mai mataki biyu, Google zai ba ki lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace sau ɗaya take aiki. Kwafe su a takarda, ki adana tare da takardun haihuwar yara.

Ki kuma riƙa leƙa shi jifa-jifa. Tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Yau da dare, kira yaron ku duba tare: lambar wa ke kan imel ɗinsa? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.