Wa Zai Tsare Mana Taransifoma Da Turakun Sadarwa?

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka in kai kukan mutanen Sara, a Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa.

Ɓarayi sun shigo unguwarmu cikin dare sun farke taransifoma, sun tsiyaye manta, sun yanke wayoyin tagulla sun tafi da su. Da idona na ga gangar jikinta a buɗe da safe. Tun daga ranar muke cikin duhu. Mai walda ya rufe shago, mai injin markaɗe ya koma sayen fetur da tsada, mai sayar da ƙanƙara ya zauna. Da muka kai kuka wurin masu kula da wuta, sai aka ce mu yi karo-karo mu gyara. Mu aka yi wa sata, mu kuma za mu biya! Wallahi wannan magana ta fi satar ƙona mini rai.

Kullum a rediyo muna jin manya suna zancen birane na zamani, inda fitilun titi da famfo da asibiti da banki duk za su riƙa aiki da kwamfuta da intanet. Ba na ƙin ci gaba, ina ma son sa. Amma duk wannan abu a kan wuta da waya yake tsaye, ga shi kuwa ba mai gadinsu. Ka tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya biyo ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, Arewa ta shafe fiye da mako guda ba wuta. Ka tuna Maris na shekarar, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna ya tsaya cak. Mu nan ba mu taɓa ganin teku ba, amma ɗan kasuwarmu ya sayar da buhun hatsi ya tsaya gaban mai POS yana jiran sabis har rana ta faɗi.

A shekarar 2024 ɗin Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. To, ina amfanin takarda idan ana sace batir da dizal a gindin turken sabis? Ina jami'an Sibil Difens da doka ta ɗora wa tsaron irin waɗannan kadarori? Sabis kuwa ba abin wasa ba ne: mara lafiyar da za a kai babban asibitin Birnin Kudu cikin dare, da wayar salula ake nemo masa mota.

Ga kuma ɓarayin da ba sa tsallaka katanga. Su kira dattijo a waya su ce daga banki suke, su karɓi lambar BVN da lambar sirri, su kwashe kuɗin da ya tara na taki. Na san wanda aka yi wa haka, har yau bai farfaɗo ba. Ba wanda ya taɓa zuwa masallaci ko kasuwa ya wayar mana da kai.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da ɗan gari akan ci gari. Baƙo bai san lokacin da unguwa take barci ba. Yaranmu ne, waɗanda zaman banza da ƙwaya suka lalata, kuma akwai masu sayen kayan jari-bola da ke karɓar tagullar ba tare da tambayar inda ta fito ba. Iyaye suna gani suna shiru. 'Yan siyasar da suka yi yawo da yaran nan lokacin zaɓe sun watsar da su.

Ina kira ga Gwamna Malam Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu da hakimai da dagatai: a kewaye taransifomomi, a ba 'yan sintiri alawus, a yi rajistar masu sayen tsohon ƙarfe, a hukunta mai saye kamar yadda za a hukunta ɓarawo. Kuma a daina tilasta wa talaka biyan kuɗin abin da aka sace masa. A dawo mana da wutarmu.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Sara, Jihar Jigawa.