Gayauna: gonar da uba ba ya sa wa hannu

 Damina ta kankama, kuma da yawa daga cikinku a Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunci kuna tashi daga makaranta ku zarce gona. Shi ya sa yau zan yi magana kan gayauna.

A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, hatsin ya shiga rumbun gida, a ciyar da kowa. Amma uba yakan yanki ɗan fili ya ba ɗansa. Wannan ita ce gayauna. Yaro zai shiga cikinta bayan an tashi daga aikin gandu, ya shuka gyaɗa ko wake ko riɗi, kuma abin da ya samu nasa ne. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi bayanin wannan tsari a littafinta na 1972 kan Batagarawa ta kusa da Katsina, amma ba sai kun nemi littafi ba, ku tambayi kakanninku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda uba yake kama bakinsa. Zai wuce ya ga ciyawa ta fara cin gyaɗar ɗansa saboda an yi jinkirin noman farko. Zai faɗa sau ɗaya, ya yi gaba. Ba zai ɗauki fartanya ya nome masa ba. Ranar girbi yaro ya auna tiya kaɗan, abokinsa na gefe ya cika buhu. Wannan ciwon ya fi kowace irin faɗa shiga jiki, kuma hasarar ƙarama ce, ba ta hana gida cin tuwo. Baɗi ba sai an tashe shi ba.

Bayan girbi ma da sauran karatu. Ka sayar da wakenka da kaka lokacin da kasuwa ta cika, ko ka adana shi zuwa bazara farashi ya ɗaga, tare da haɗarin ƙwari su ɓata shi? Irin lissafin da manyan 'yan kasuwar Dawanau suke yi ke nan, kai kuma kana yin sa da rabin buhu.

Na san ƙorafin da za ku yi: filin ina? Gaskiya ne. A karkarar Kano gonaki a manne suke da juna, kowane rabon gado yana ƙara tsinka su, wasu kuma an yanka su fulotai. Amma kunya biyar a gefen gonar gida ta isa. Ke kuma, 'yar akuya ko kaji uku da Inna za ta ce naki ne, ki nemo musu harawa da dusa, ki kula da rigakafinsu, ai gayauna ce mai ƙafafu.

Sai dai a yi shara'a da gaskiya: ba da gayauna daban, sakin yaro daban. Uban da ya ba ka fili yana leƙawa, yana ba ka iri, kuma ba zai yarda ka bar aji ranar Talata don maimai ba. Idan za ka nema, ka je da tsari: wane iri, wace rana za ka yi aiki, nawa za ka kashe a taki. Ka rubuta a bayan littafin lissafinka, ka nuna wa Baba bayan sallar isha'i.