Ba'a A Bisa Dutse

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in amsa wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwana da wurin mai shayi. Tun da muka dawo daga hawan duwatsun ƙasar Kazaure, ɗayanmu da hannu a ɗaure, 'yan'uwa ɗalibai suka rabu gida biyu. Waɗansu suka ce ai hauka ne ɗalibin jami'a ya bar littafi ya tafi yana rarrafe a jikin dutse kamar biri. Waɗansu kuma, har da wasu shugabannin ƙungiyarmu, suka ce laifin na wasa ne, da mun tafi a natse ba ba'a ba dariya da ba abin da ya faru. Ni da nake cikin tafiyar ina ganin duka biyun sun yi kuskure, ko da yake na biyun sun fi kusa da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta yi mini daɗi ba.

Bari in fara da masu cewa hauka ne. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Da a ce mun dawo da hoto daga Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, da an tarye mu da tafi. Amma da yake Kazaure ce da Roni, nan kan hanyar Kano zuwa Daura, sai aka ce mun rasa aikin yi. Alhali kuwa waɗannan duwatsu suna da abin koyarwa. A tsakaninsu Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. Wanda ya karanta wannan a aji ya san shekaru kawai. Wanda ya tsaya a bisa tudu ya hangi yadda duwatsu suka yi wa gari kariya, ya ga inda mahayin doki zai iya bi da inda dole ya sauka, shi ne zai gane abin da ya sa ƙaramar masarauta ta iya tsayawa a tsakanin Kano da Katsina da Daura. Gani ya kori ji. Haka nan masu nazarin ƙasa sun san cewa dutsen wannan yanki dabam yake da irin na Kufena a Zariya ko na Birnin Kudu, waɗanda suke curarru masu sulɓi. Na Kazaure ya fi yawa a jere kamar kunya, wani farin dutse ne mai tauri, wani kuma mai ɓarewa falle-falle kamar shafin littafi. Wannan bambanci mun san shi a takarda, a jikinmu kuwa sai ranar muka sani.

Mu bakwai ne muka tafi, cikin hunturu. Akwai Bakano da Bazazzagi, akwai wani Babarbare ɗan aji ɗaya, akwai Bafulatanin Gwiwa ɗan ajin ƙarshe wanda shi ne jagoranmu, akwai kuma mutumin Babura, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Mai karatu ya san abin da zai faru in an haɗa irin wannan taro a mota ɗaya. Tun kafin mu kai Dambatta Bazazzagi ya ce Bakano ya zo ne ya ƙiyasta nawa za a sayar da dutsen, Bakano ya ce ai gara mai ciniki da wanda ya yi guzurin barkono zalla. Babarbare ya ce wa jagora ya riƙe sanda da kyau kada ya ɗauke mu shanu. Mutumin Babura kuwa kowa ya same shi, domin ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi har iyakar Nijar, aka ce bai taɓa hawan abin da ya fi rumbu tsawo ba.

Ba zan yarda a ce wannan wasa banza ne ba, domin na ga amfaninsa da idona. Da muka yi nisa a hawan farko, jagora ya karkata da mu wani ɓangare inda hanya ta ƙare. Dukanmu mun lura, amma ba wanda ya iya buɗe baki, domin shi ne babba, shi ne kuma ɗan ƙasa. Sai ƙaraminmu, Babarbaren nan, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, in saniyarka ce ta ɓata a nan, faɗa mana mu taya ka nema, in kuwa hanya ce ta ɓata, mu koma." Aka tuntsire da dariya, har shi jagoran, muka juya ba tare da kowa ya ji kunya ba. Da wasa ake gaya wa wawa magana, in ji masu iya magana, ni kuwa na ce har mai hankali da wasa ya fi saurin karɓarta in yana gaban ƙannensa. Kakanninmu da suka bar mana wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Katsinawa da Nufawa, da taubasai, sun bar mana wata ƙofa ce wadda ƙarami ke bi ya gaya wa babba gaskiya. A ƙasa wannan ƙofa nishaɗi ce. A bisa dutse tana iya zama ceto. Daɗin daɗawa, mutumin da ya gaji ko ya tsorata, da wuya ya faɗa, amma za ka ji ya daina mayar da martani. Shirun mai surutu shi ne alamar farko da jagora na ƙwarai yake saurare.

To, a nan ne muka yi namu laifin. Washegari a wajen Roni, kafin mu hau, wani dattijo mai kiwon awaki ya tsayar da mu muka gaisa. Ya ce, "Samari, ku bi ta yamma, wancan gefen dutsensa mayaudari ne, yana ba ka hannu ya karɓe." Muka ce, "To, Baba, mun gode." Da ya ba da baya sai muka bi ta inda ya hana, domin nan ya fi kusa. Muna tsakiyar hawa mutumin Babura ya tsaya cik, ya manne da dutse, ya ce shi dai a nan zai jira mu. Tun da safe ya yi shiru, ba wanda ya lura. Me muka yi? Muka buɗe masa wuta. Wani ya ce a kawo masa tsani, wani ya ce a aika Babura a zo da jaki, ni kaina, Allah Ya yafe mini, na ce in mun koma zan ba da labari a ɗakin cin abinci. Wannan kalma tawa ce ta ɗaga shi. Ya miƙa hannu ya kama wani falle, fallen ya ɓare a hannunsa, ya sulale ƙasa kamar tsawon mutum biyu. Allah Ya sa wata bishiya ta tare shi, amma hannun ya karye. Saukowar da ya kamata ta ɗauke mu rabin sa'a sai da ta ci mana har bayan la'asar, ruwanmu ya ƙare, dattijon da muka raina shi ya nuna mana inda za mu sami taimako.

Kalmomin da muka faɗa a kan dutsen nan ba su fi na cikin mota zafi ba. Abin da ya sake shi ne halin wanda aka faɗa wa. A mota yana da bakin ramawa. A jikin dutse ba shi da abin ramawa sai ƙafarsa da hannunsa, da su kuwa ya rama. Ba'ar da ta hau sama, daga ƙarami zuwa babba, ta gyara mana hanya. Wadda ta sauko daga masu ƙarfi shida zuwa ga mai tsoro ɗaya, ita ta karya hannu, ko da yake duk sunansu wasa.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Kowane ɗan makaranta ya san Edmund Hillary da Tenzing Norgay, waɗanda suka fara taka ƙolin Everest ranar 29 ga Mayu, 1953. Amma mutum nawa suka san Tom Bourdillon da Charles Evans? Kwana uku kafin nan su ne suka kai har saura kamar mita 100 su isa ƙoli, suka duba lokaci da ƙarfinsu da iskar shaƙarsu, suka juyo. Tulunan iskar da suka bari a hanya sun amfani waɗanda suka biyo baya. A watan Mayun 1996 kuwa, a kan wannan dutse, mutum takwas suka rasu cikin guguwa, kuma daga cikin dalilan akwai cewa an ƙetare lokacin da aka tsayar na juyowa, aka ci gaba da hawa. Duniya tana rubuta sunan wanda ya kai, tana mantawa da wanda ya juyo, mu ma a ƙananan duwatsunmu haka muke yi in mun dawo muna ba da labari. Wa ya taɓa jin an yi hira da daddare ana yabon wanda ya ce na tsaya?

Saboda haka ban goyi bayan masu cewa a hana tafiya ba, ban kuma goyi bayan masu son mu hau dutse fuska a murtuke kamar masu zuwa jarrabawa ba. Abin da nake nema daga majalisar ƙungiyar ɗalibai shi ne ta karɓi wannan al'amari hannu biyu, ta daina barinsa ga 'yan ganin dama irinmu. Kuɗin da ake kashewa a liyafar dare ɗaya ya isa ya sayi igiya da akwatin agajin gaggawa, ya kuma tura mutum biyu ko uku su koyo aikin. Wurin koyo kuwa yana nan. Cibiyar horon zama ɗan ƙasa da shugabanci, wadda ta samo asali daga Man O' War Bay a Kamaru a 1951, tana da makarantar duwatsu a Shere kusa da Jos. Duk ayarin da zai fita ya fara gaida dagaci ko mai unguwa, ya nemi ɗan gari ya shige masa gaba, domin shi ya san kogon da zuma ta yi gida da inda kububuwa ke shan rana. A tsayar da lokacin juyowa tun ana ƙasa. A guji damina, lokacin da dutse ke santsi, tsawa kuma ke neman wuri mai tudu.

Sharaɗin da na fi ba muhimmanci kuwa ba ya cin ko kwabo. Duk wanda ya ce ya tsaya, an rufe bakin ba'a a kansa, a ranar da kuma bayanta, a bar mutum ɗaya tare da shi. A yi wa jagora ba'a, a yi wa Bakano da Bazazzagi, a yi wa wanda ya cinye guzurin jama'a, amma shi a ƙyale shi.

Na je Babura cikin hutu na duba ɗan'uwan namu. Hannun ya ɗinke, sai dai har yanzu ba ya iya riƙe alƙalami na dogon lokaci, jarrabawa kuma tana tafe. Mahaifinsa ya tambaye ni yadda abin ya faru, kafin in buɗe baki ɗan ya riga ni, ya ce dutse ne ya ɓare, bai ƙara komai ba. Da zan tafi ya rako ni tasha, ya ce in an shirya wata tafiyar a sa sunansa, amma wannan karon ta yamma za a bi.